Sayen adireshin intanet da sunan ɗan takara: kariya ce ko asarar kuɗi?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Kwamitin yaƙin neman zaɓen wani ɗan takarar majalisar dokoki a nan Gombe yana shawarar yi wa adireshin intanet da dama rajista da sunansa, har da waɗanda aka haɗa da kalmomin ɓatanci, domin kada abokan hamayya su riga shi. Shin dabarar tana da amfani?

Mai Kwamfuta: Wa alaikumus salam, Malam. Tana da amfani, domin wanda ya riga yin rajista shi ne mai adireshi. A 2015 a Amurka, duk wanda ya shiga JebBush.com sai ya tsinci kansa a shafin Donald Trump, saboda adireshin ba ya hannun kwamitin Jeb Bush, abokin hamayyar Trump a neman takarar shugaban ƙasa. Ku fara da adireshi masu ƙarewa da .ng da .com.ng, waɗanda NiRA, ƙungiyar rajistar adireshin intanet ta Najeriya, ke kula da su, kuma ku kiyaye ranar sabuntawa, don idan wa'adi ya ƙare wani yana iya ɗauka.

'Yar Kumo: Ni dai, Malam, ina ganin biyu ko uku sun wadatar, tunda mai niyyar sharri harafi ɗaya zai sauya ya samu nasa. Ƙazafin siyasa a wajenmu ta saƙon murya na WhatsApp da Facebook yake yawo, kuma mai saurarensa a Tashar Dukku bai buɗe wani shafi ba.

Ɗalibin Shari'a: Gaskiya ne, Hajiya, amma a sani cewa sashe na 25 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya haramta yin rajistar sunan wani da gangan domin hana shi amfani da shi.