Tambaya a kan lambar 2,147,483,647: wane aji take ciki?

Malamin Agege:
Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi da yamma a nan Agege. Jiya wani ɗalibina mai gyaran waya a Ikeja ya nuna mini wani wasa da makinsa ya tsaya cak a 2,147,483,647, ya ce an gaya masa wai lambar ba ta rabuwa sai da ɗaya da kuma ita kanta. Mun gwada 3 da 7 da 11 a allo, duk saura ya rage, amma na san wannan ba hujja ba ce. Ina roƙon masana su fayyace mana gaskiyar maganar, da kuma ajin da lambar take ciki.

Ɗalibar Akoka:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganar gaskiya ce. Idan aka jera biyu guda 31 aka ninka su da juna, sannan aka cire ɗaya, wannan lambar ce take fitowa. Lambobi marasa rabuwa masu wannan siffa ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya wallafa jerinsu a 1644, kuma taku ita ce ta takwas, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Sai dai a gargaɗi yara: dole ne adadin biyun da aka jera ya zama marar rabuwa, amma hakan kaɗai bai wadatar ba. Biyu guda 11 a cire ɗaya yana ba da 2,047, wanda kuwa 23 sau 89 ne.

Tsohon Malami, Idi-Araba:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, babu kwamfuta, idanunsa ma sun riga sun tafi. Ba sai an gwada kowace lamba ba, domin idan har tana da mai raba ta, to akwai wanda bai wuce 46,340 ba. Bugu da ƙari, duk mai raba ta dole ya kasance ninkin 62 (wato 31 sau biyu) a ƙara ɗaya, sai abin gwaji ya ragu zuwa ƙasa da 750. Malam, ka nuna wa ɗalibanka wannan ƙa'ida da 2,047, inda 11 sau biyu yake ba da 22: 23 dai 22 ne da ɗaya, 89 kuma 22 sau huɗu ne da ɗaya. A ganina wannan ya fi haddace sunayen azuzuwa amfani nesa ba kusa ba.

Mai Gyaran Kwamfuta, Yaba:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Tunda 31 ita ma lambar Mersenne ce, wato biyu guda biyar a cire ɗaya, lambar taku ta shiga ajin Mersenne mai ruɓi biyu, wanda huɗu kacal aka sani a cikinsa. Dalilin tsayawar makin kuwa ba rashin rabuwarta ba ne. Ita ce iyakar abin da gurbi 32 na kwamfuta, wanda kowane ɗaya 0 ko 1 yake riƙewa, yake ɗauka idan aka ware gurbi ɗaya domin alamar ragi, shi ya sa agogon wasu tsofaffin na'urori, mai ƙirga daƙiƙoƙi a irin wannan gurbi, zai cika a ranar 19 ga Janairu, 2038.

Malamin Agege:
Na gode ƙwarai. Da 2,047 za mu fara darasin Asabar, in Allah ya kai mu.