Sakakken kulorin, ba na kyauta ba

Jama'a, ina neman Hausar "free chlorine". Na ga an fassara shi da "kulorin na kyauta", abin ya ba ni dariya, don babu maganar kuɗi a nan.

Idan aka zuba kulorin a ruwa yakan rikiɗa ya zama sinadarai biyu masu kashe ƙwayoyin cuta, HOCl da OCl⁻. Su biyun nan ake nufi da "free chlorine". Wani kaso kuma yakan haɗu da amoniya ya zama kuloramin, ƙarfinsa na kashe ƙwayoyin cuta ya ragu sosai. Shi ya sa na ce a kira na farkon sakakken kulorin, na biyun ɗaurarre, kamar akuyar da aka saka da wadda ke turke. Wani malami ya kawo "'yantacce". Allah ya gafarta malam, ban ƙi ba, amma me za mu ce da kishiyarsa, bawa?

Inda na maƙale shi ne sunan na'urar da ke auna shi. Da yawa na cewa "na'urar sansano". Sai dai ku duba aikinta. A bakinta akwai tantani siriri. HOCl na ratsa shi ya iske ƙarfe biyu cikin ruwan sinadari, zinariya da azurfa. A kan zinariyar yake karɓar ilektoron biyu ya koma kulorayid, wannan musayar ce ke haifar da 'yar wutar lantarki. Gwargwadon yawan kulorin, gwargwadon wutar, sai na'urar ta mayar da ita lamba, miligiram a lita. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a samu aƙalla 0.5 bayan minti 30 da zuba shi, muddin pH (awon tsami ko kanwar ruwa) bai kai 8 ba.

Ke nan tana cinye kaɗan daga abin da take aunawa. Shi ya sa dole ruwan ya riƙa gudana ta gabanta. Ya tsaya, ta lashe na bakinta, lambar ta faɗi alhali kulorin na nan. Wannan ai aikin harshe ne, don haka na fi son "maɗanɗaniya".

Kuma tana da zaɓen ɗanɗano: HOCl ta fi ji. A pH 7.5 kusan rabi da rabi ne, ya wuce 8 yawancinsa ya koma OCl⁻, sai an haɗa mata da ma'aunin pH a cike lissafin.

Na tsaya a kan "maɗanɗaniyar sakakken kulorin". Na san sunan ya yi tsawo a baki, mai gajere ya kawo.