Wai kalmar "charge" ma'anarta nawa ne?

Ɗan Ƙofar Kaura:
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu turanci ku taimaka, JAMB nake shiri kuma kalmar charge tana ruɗa ni, ni dai cajin waya na sani sai ga shi a wata tambaya an ce wani is in charge of the school, a wata kuma wai ƴan sanda sun yi charge ɗin wani mutum, to mi ya haɗa batir da ɗan sanda kuma?

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abin ba wuya in ka san tushenta. Daga tsohon Faransanci ta shigo turanci, kuma can ma'anarta ɗora kaya, asalinta kau Latin ne carrus wato keken ɗaukar kaya, nan car da cargo ma suka fito. To ka riƙe ɗorawa kawai. Waya ana loda mata wuta, mai shago ya ɗora maka kuɗi, kotu a ɗora ma mutum laifi, hedimasta an ɗora mashi nauyin makaranta shi ne in charge ɗin da ka gani. Mu ma ai haka muke cewa, an ɗora mashi laifi, an ɗora mashi nauyi.

Maman Ɗiya Daura:
Hhh malam ni wanda na fi sani na kuɗin ne wallahi. Ka je wajen mai POS ka ciri dubu goma ya ce caji ɗari biyu, ka danna lambar banki a waya a cire naira 6.98, ga na saƙon alat can daban. Free of charge kam, wato kyauta, a takardar jarabawa kawai nake ganinta.

Ɗan Ƙofar Kaura:
Allah ya saka malam, yanzu ta zauna. To caji ofis fa?

Malamin Firamare:
Shi ma charge office ne, inda ake rubuta tuhumar da ake ma mutum kafin a kai shi kotu. Amma akwai guda da ba ta cika bin ɗorawar ba kuma masu jarabawa suna son kawo ta, in aka ce the bull charged ba caji aka sa bijimin ba, tasowa ya yi a guje zai yi tunkuyi. Sojoji ma in suka auka ma abokan gaba haka ake cewa.

Bakatsine:
Kun manta charge and bail, lauyoyin da ake ma tsiya wai suna tsaye bakin kotu suna jiran wanda za a kawo su karɓi belinshi. Wannan tamu ce ta Najeriya, kar ka rubuta ta a jarabawa.