Neman kalmar Hausa: filin da ake jera mutum-mutumi, da ginin tunawa da mamata

Mai fassara, Tudun Wada:
Salamu alaikum malamai. Filin nan na Sashen Zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, inda ake kafa ayyukan ɗalibai a sarari, Bature na ce masa "sculpture garden". Na ga an rubuta "lambun gumaka". Ya zauna kuwa? Sai kuma "memorial".

Malamin zane, Samaru:
Wa alaikumus salam. A cire gumaka tun da wuri, gunki abin bauta ne, kuma ba wanda ke sujada a filin nan. Lambu ma bai yi ba. Ka ce wa Bazazzagi lambu, tumatir da albasa na bakin kogin Galma zai hango.

Ɗaliba, Kongo:
Malam, to "filin sassaƙe-sassaƙe" fa?

Malamin zane, Samaru:
Sassaƙa ragewa ce, kamar yadda gizago ke cin itace har turmi ya fito. Galibin aikin da ke kwana a waje kuwa ɗora shi ake yi, don itace ba ya jure gara da damina. Ana zuba harsashin gini, a walda ƙashin rodi, a naɗe shi da wayar raga, sannan a riƙa shafa kwaɓi kashi-kashi: siminti ɗaya, yashi mai kaifi uku. A bar kaurin kwaɓi kamar santimita 3 a kan rodi. In ya gaza haka ruwa zai kai ga ƙarfen, tsatsa ta kumbura ta tsaga aikin daga ciki, shi ya sa za ki ga yatsu da kunnuwa su ke fara zubewa. Da hunturu kuma dole a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, a yi ta ba shi ruwa kwana 7, in ba haka ba ya bushe da garaje ya daddare. Na tagulla zubi ne: a siffanta da kakin zuma, a rufe da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba ƙarfen a gurbinsa. Ina sassaƙa a nan? Ni dai "dandalin mutum-mutumi" na zaɓa. Ko aikin doki ne, jama'a mutum-mutumin doki suke cewa.

Hajiya, Sabon Gari:
Na yarda da dandali. Amma kada a jawo mutum-mutumi cikin kalma ta biyu, wato "memorial". Wanda aka buɗe a Washinton a 1982 don sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Biyetnam, aikin mai zanen gine-gine Maya Lin, bango ne na baƙin dutse mai sheƙi, da sunaye sama da 58,000. Dangi kan ɗora takarda a kan sunan nasu, su goga fensir har sunan ya fito, su tafi da shi gida. Zaman makoki kwana uku ne a watse, alhini kuwa yana neman wurin da za a koma.

Ɗaliba, Kongo:
Hubbare bai isa ba, Hajiya?

Hajiya, Sabon Gari:
A'a 'yata. Hubbare da kabari a ciki, kamar na Shehu a Sakkwato. Wannan bangon ba kowa a ƙarƙashinsa. "Abin tunawa" kuma ya yi faɗi, har kofin biki ya shiga. A ce "ginin tunawa", in bango ne a ce "bangon tunawa".

Mai fassara, Tudun Wada:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki dandalin mutum-mutumi da ginin tunawa, gumaka kuma na soke.