Ansible ya ƙi komawa asusun postgres

Salamu alaikum ƴan'uwa. Kwana uku ke nan Ansible, manhajar sarrafa sabobi daga nesa, ya hana ni barci a nan Damagaram. Sabar Ubuntu 22.04 ce ta wata ƴar makaranta, da asusuna nake shiga ta SSH, ba root (asusu mai cikakken iko) ba. Da become: true (umarnin komawa root) kaɗai, lafiya lau. Ina ƙara become_user: postgres (wato ya koma asusun ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL) sai ya cije, wai ya kasa ba da izini kan fayilolin wucin gadi. Abin haushi, da hannu sudo -u postgres psql yana buɗewa nan take.

Wani ya ce in shigar da acl (kayan saita izinin fayiloli), wani ya ce in kunna pipelining (aika umarni kai tsaye ba tare da ajiye fayilin wucin gadi ba). Maigidana kuwa ba ya son a taɓa sabar barkatai. Wanne ya fi aminci, don Allah?