Boris ɗin tayar injin yankan ciyawa ya ci sau uku cikin wata biyar

Mai kula da lambu, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da ciyawar wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a wajen Abhur, bakin teku a Jidda. Injin irin na turawa ne mai jan kansa. Daga ƙaramar Sallah zuwa yau sau uku ina canza boris ɗin tayar baya ta dama. Sati biyar ko shida sai ya fara kuka, tayar ta kama lilo, yankan ya fito gefe ɗaya ya fi wani ƙasa. Mai wurin ya fara yi mini kallon wanda bai san aikinsa ba, abin kuwa yana ci mini rai. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya taimaka.

Ma'aikacin lambu, Riyad:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da tiyo kake wanke injin? Ni abin da ya cinye mini guda biyu ke nan. Ruwa mai ƙarfi yana kutsawa ya wanke giris, ƙurar garin nan ta bi bayansa. Duba lambar da ke jikin boris ɗin. In ta ƙare da ZZ, murfin ƙarfe ne, ba ya tare ruwa. Nemi mai 2RS, shi roba ce ta rufe shi gefe biyu. Ku da ke bakin teku ma ga danshi da gishiri, tsatsa ba ta jira.

Tsohon bakanike, Makka:
Maganar yaron nan gaskiya ce, amma da ruwa ne kaɗai, da duka tayoyin sun yi kuka, ba ɗaya ba. Taya guda ta ci boris uku, to a bar zargin boris, a dubi ƙarfen da yake zaune a kai.

Na sha gani a warsha, wato garejin gyara. Boris na farko ya ƙame, mutum bai lura ba ya ci gaba da aiki, sai zoben cikin boris ɗin ya riƙa juyawa a kan aksul, wato ƙarfen da yake zaune a kai, yana cinsa. Daga nan duk sabon da aka sa ba ya kamawa, rawa yake yi har ya mutu. Cire tayar, ka shafa wurin da farce. In ka ji gargada ko ka ga ya yi ƙyalli kamar an goge, ka gano ciwon.

Sai awo. Injinan Amurka da inci ake ƙera su. Aksul mai inci 5/8 milimita 15.875 ne, wasu masu shago kuma sai su miƙo maka mai ramin milimita 16 su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, wallahi. Kuma don Allah a daina dukan boris da guduma kai tsaye. In cikin taya za a zaunar da shi, a ɗora soket daidai zoben waje, a bi a hankali.

Direban ɗaukar kaya, Madina:
Namu daga bayan mota yara suke diro da shi, aksul ya ɗan lanƙwashe. Ɗaga bayan injin ka juya tayar, ido zai nuna maka.

Mai kula da lambu, Jidda:
Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Bayan la'asar na kwance tayar. Wurin da boris yake zama ya cinye har farce yana maƙalewa, na hagu kuwa sumul. Na kuma tarar babu ɗan bututun da ke tsakanin boris biyun, ashe duk lokacin da na ɗaure noti tam matse su nake yi ta gefe. Wanda na cire ZZ ne, kuma e, kullum da tiyo nake wankewa. Gobe in Allah ya kai mu zan kai aksul ɗin Sana'iyya, unguwar masu gyare-gyare, a auna. Baba, a yi masa walda a gyara a injin sassaƙa, ko in nemi sabo?

Tsohon bakanike, Makka:
Nemi sabo, ɗana. Zafin walda yana karkatar da siririn ƙarfe irin wannan. Ka tafi da tsohon a hannu, a gwada boris ɗin a kan sabon a gabanka kafin ka biya.