Na sauka Gwanzu, ga kuɗi a hannu amma biya ya gagara

Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka. Daga wani ƙauye nake gefen Ɗambatta, zuwana Chaina na farko kenan sarin kayan waya. Tun daga filin jirgi na Baiyun kaina ya ɗaure, jama'a kamar ranar kasuwar Wudil amma kowa idonsa na kan waya, rubutunsu kuwa ko harafi ɗaya ban ɗauka ba.

Nan hatta mai sayar da ruwa ɗan hoton nan mai ɗigo-ɗigo zai nuna maka ka haska da waya, in ka miƙa takardar yuwan 100 sai a hau neman canji. Na sauke Alipay, manhajar da suke biya da ita a waya, na sa fasfo ya wuce, amma katin bankina na naira ya ƙi hawa, lambar da bankin ke turowa ba ta shigowa layina na gida. Na buɗe romin, wato abin da ke sa layin gida ya yi aiki a ƙasar waje, na kashe wayar na kunna, na gwada katin wani bankin, duk kanwar ja ce. Yanzu dala nake canzawa a unguwar Xiaobei nan Gwanzu kuma wlh ana kwarata.

Ku da kuka saba zuwa, wane irin kati kuke haɗawa yana yi?